Wai Shayi Na Kare Zuciya: Wane Shayin, Na Landan Ko Na Tashar Rano?

In dai wayarka na da data, da wuya a ce labarin nan bai iso ka ba. Wani lokaci hoton kofi ne yana tururi, an rubuta a ƙasa wai masana sun gano mai shan shayi ya fi daɗewa a duniya. Wani lokaci kuma wata ce a TikTok, ta sha kwalliya, tana ɗaga leda tana rantsuwa cewa shayinta na narkar da tumbi kuma yana saukar da hawan jini cikin sati biyu. Kafin ka ankara an turo shi guruf ɗin 'yan ajinku, daga nan ya faɗa na dangi, har kawu ya sa masa alamar yabo. Kowa ya ji daɗi, tunda an ce masa abin da dama yake yi kullum safe da dare shi ne magani.

Ni dai ina ganin kafin ka ƙara tura shi gaba, ka tsaya mu leƙa cikin kofin. Abin da Baturen da ya yi binciken yake kira shayi, da abin da mai shayin bakin tasha a Rano ko Kibiya yake miƙo maka da safe, suna ne kawai ya haɗa su.

Bari mu fara da yi wa labarin adalci, don yana da tushe. A shekarar 2022 mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ta buga wani bincike da aka yi a kan mutum kusan 500,000 a Birtaniya, 'yan shekara 40 zuwa 69, waɗanda aka bi diddigin lafiyarsu na kimanin shekara 11. An ga cewa masu shan kofi biyu ko fiye a rana, haɗarin mutuwarsu a tsawon wannan lokacin ya yi ƙasa da na waɗanda ba sa sha da kashi 9 zuwa 13 cikin 100, kuma mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na cikin abin da ya ragu. Yawancinsu baƙin shayi suke sha, irin dai ganyen Lipton ɗin da muka sani. Kafin wannan, a 2006, an buga wani daga yankin Ohsaki na Japan a kan mutum sama da 40,000, shi kuma a kan koren shayi, sakamakon ya nufi wuri ɗaya. A 2020 wani ya fito daga Chaina mai mutum sama da 100,000: masu shan shayi aƙalla sau uku a mako sun fi sauran tsira daga ciwon zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 20 cikin 100. A ɓangaren ciwon suga kuwa, a taron ƙungiyar masana ciwon suga ta Turai na 2022 an gabatar da nazarin da ya tattaro bincike 19, ya ce kofi huɗu a rana na tafiya da raguwar haɗarin da kashi 17.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne ganyen shayi na ɗauke da wasu sinadarai, ana ce musu flavonoids, masu taimaka wa jijiyoyin jini su saki jiki su buɗe. An ma gwada a Perth ta ƙasar Ostireliya a 2012: mutum 95, an ba wani rukuni kofi uku na baƙin shayi kullum har wata shida, an ba ɗaya rukunin wani abin sha mai kama da shi amma babu sinadaran. Hawan jinin masu shan shayin ya sauka da maki 2 zuwa 3. Ka riƙe wannan lambar. Maki biyu zuwa uku. Wanda aka auna aka ce masa jininsa ya kai 170, ya sha shayi har wata shida, a lissafin nan 167 zai koma, kuma har yanzu yana bakin rami.

A sashenmu na koyon aikin jarida, tun aji ɗaya ake nanata mana cewa kanun labari ɗan talla ne, aikinsa ya jawo ka cikin shago. Kanu ba zai gaya maka cewa manyan binciken can duk kallo aka yi daga nesa ba. Ba a kama mutane aka ɗura musu shayi ba, an tambaye su ne me suke sha, sannan aka zauna aka jira shekaru. Mai shan shayi a Landan wataƙila shi ne wanda ba ya shan lemon kwalba, ko wanda ke da nutsuwar zama ya karya da safe. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire irin waɗannan daga lissafi, amma su da kansu suna cewa alaƙa suka gani, ba su ce shayin ne ya yi aikin ba. Sannan kashi 10 cikin 100 ɗin nan, bari na ba ka misali kawai don ka ga girmansa: in a cikin mutum 1,000 ana sa ran rasa 100, sai aka rasa 90. Abu ne mai kyau, babu musu. Amma tsakaninsa da "shayi maganin zuciya" akwai tafiya.

Wani zai ce ai binciken Birtaniyan ya nuna ko da an sa madara da suga amfanin na nan. Haka ne, ya faɗa. Tambayar ita ce suga nawa. Bature in ya ce ya sa suga, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu yake nufi, da ɗigon madara da ba ta kai ta sauya wa kofin nauyi ba. Yanzu zo mu je teburin mai shayi.

Ka san haɗin kauri, ba sai na yi maka bayani ba. Ruwan na kan wuta tun kafin asuba, da ɗan ganye da citta da kanumfari. Ya ɗauko kofin roba ko na silba wanda ya kai biyun na Bature, ya zuba madarar gari, ya ƙara Milo ko Bournvita, sannan ya kai hannu kwanon suga. Cokalin da ke cikin kwanon nan babba ne, na cin shinkafa. Ƙaramin cokali in an shafe shi gram 4 yake ɗauka, babba kuwa kusan gram 12, kuma ban taɓa ganin mai shayin da ke shafe cokali ba, tozo yake yi masa. Mu yi masa rangwame mu ce uku a shafe: gram 36 ke nan, kusan daidai da sugan da ke cikin kwalbar lemo mai santilita 35. Ba mu lissafa na cikin Milo ba, shi ma da nasa sugan ya zo. In ya yi amfani da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, wannan ita kanta fiye da rabinta suga ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ma'auni tun 2015: babban mutum kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kusan gram 50 a wuni, ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma in an tsaya a gram 25 ya fi. Kai da ka sha kauri ɗaya da safe, ka koma bayan isha'i aka sake yi maka wani, ka haura gram 70 daga shayi kaɗai. Zoɓon rana bai shigo ba, kunun aya bai shigo ba, balle lemon da abokinka ya saya maka a gidan kallon ƙwallo.

Kuma ai shayin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Rabin burodi, a tsaga a shafa bota. In aljihu da ɗan nauyi, Indomie biyu da ƙwai biyu, a juye ledar ɗanɗanon duka, wani ma a ƙara masa dunƙule. WHO ta ce gishirin wuni kada ya kai gram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙule. Ka juya bayan ledar taliyar ka karanta inda aka rubuta sodium, sannan ka ninka biyu. Gishiri shi ne babban abokin hawan jini, kuma ɗan maki biyun da ganyen shayi ya rage maka, farantin da ke gefensa ya mayar da shi har da riba.

Abin da suga mai ruwa ke yi a jiki ba shi da wuyar ganewa. Ba a tauna shi, ba ya tsayawa, kai tsaye yake shiga jini. Jiki ya saki insulin da yawa don ya kwashe shi. Wani kaso hanta ce ke karɓa, in ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse. Kuma ba ya ƙosarwa kamar tuwo, bayan awa biyu yunwa ta dawo. A yi haka yau, a yi gobe, a yi shekara goma, sai jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi, tumbi ya ɗan fito, abokai su fara ce maka Alhaji kana murmushi. A juri zuwa rafi, in ji masu magana.

Akwai gaskiyar da ba zan ɓoye ba: jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Wanda ya sha kaurin nan ya ɗauki fartanya ya nufi fadama a Rurum, ko ya wuni a gonar shinkafa wajen Bunkure yana ban ruwa, ko ɗan dako ranar kasuwa, kafin azahar ya ƙona mafi yawansa. Damuwata tana kan irinmu. Mai shagon POS da ke zaune daga safe har magariba. Mai cajin waya, tela, ɗan adaidaita, ɗalibin da tafiyarsa mafi tsawo ita ce daga ɗaki zuwa majalisa. Mun gaji karin kumallon mai aikin ƙarfi, amma aikin namu da yatsa ɗaya ake yin sa a fuskar waya.

Kada kuma ka ɗora laifin a kan mai shayi, ɗan kasuwa ne, abin da ake so yake sayarwa. A cikin kayan haɗinsa, zaƙi ne mafi arha. Mu kuma da zaƙi da kauri muke auna ko an cuce mu, kofin da bai ɗauke harshe ba sai a ce ruwan bunu ne, gobe a koma teburin maƙwabcinsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma naira ta faɗi, farashin madara da suga da burodi ya yi tsalle daga kasuwar Singa har ƙauye. A yadda nake gani, abin da aka fara ragewa a kofin talaka madara ce, suga na nan daram don kada ɗanɗano ya tona asiri. Ita madarar ma, ka duba ledar da kyau. Da yawa daga na ƙulli da na leda an cire musu ainihin man nono an maye da man tsirrai, galibi na kwakwar manja, don ta yi arha. Suna rubutawa a jiki, ba a ɓoye ba, mu ne ba ma karantawa.

To me ya yi zafi, ka ce, ai ciwon tsofaffi ne. Nan ne nake so ka ɗan rage gudun yatsa. Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet Global Health a 2018. An nazarci mutum sama da 2,000 da suka samu shanyewar ɓarin jiki. Kusan ɗaya cikin huɗu ba su kai shekara 50 ba. Kuma hawan jini shi ne jagora, yana da hannu a kusan tara cikin goma na lamarin. Ƙiyasin masana ya nuna kusan ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya na da hawan jini, kuma rahoton WHO na 2023 ya ce a duniya kusan rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. A kan ciwon suga, wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya ƙiyasta kusan kashi 5.8 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, mu Arewa maso Yamma kashi 3, mafi ƙanƙanta. Wannan labari ne mai daɗi, kuma ana iya ɓata shi cikin ƙarni ɗaya in cimarmu ta ci gaba da sauyawa yadda take yi.

Ka san kuma yadda abin yake a wajenmu. Mutum lafiyarsa ƙalau, an yi sallar asuba da shi, da hantsi a ce ya faɗi, baki ya karkace. A fara cewa iska ce, a yi hayaƙi, a shafa mai. Sai yamma a nemi mota zuwa babban asibitin Rano, daga nan a ce sai birni, a kama hanyar Bunkure da Karfi zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. A sayar da tumaki, a jinginar da gona. Wanda zai ajiye karatu ya zauna jinya, ko ya karɓi ragamar ciyar da ƙanne, kai ne ko ƙanwarka. Saboda haka ko da ka ɗauka ciwon na su Baba ne, lissafin a kanka zai ƙare.

Yanzu ga inda maganar ta haɗu da siyasar Abuja. Dokar Kuɗi ta 2021, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran abin sha mai zaƙi na kamfani, aka fara karɓa a 2022. A kwalbar rabin lita naira 5 ke nan. Yau naira 5 ko alewa ba ta saya, to wa za ta hana shan lemo? Shi ya sa ƙungiyoyi irin CAPPA ke matsa lamba a kai shi naira 130 a lita, kamfanoni kuma na kukan za a rasa ayyuka. A 2025 WHO ta ƙara wa muhawarar wuta da kiran ƙasashe su ɗaga farashin taba da giya da lemo mai suga da aƙalla kashi 50 cikin 100 kafin 2035.

Ni ba na adawa da ƙarin. Amma ka lura, duk wannan cacar bakin a kan kwalba ake yin ta. Ko an kai harajin naira 500, ba zai taɓa cokalin da ke kwanon mai shayin Tarai ko Durba ba, haka ba zai taɓa jarkar zoɓo da kunun aya da ake ƙullawa a gida ba. A garuruwa irin namu, ina kyautata zaton a nan mafi yawan sugan yake bi. Ɗora haraji a kan buhun suga kuwa zalunci ne ga mutumin da shayi da burodi shi ne abincinsa na kirki a wuni. Abin da ya kamata mu tambaya, mu da ke da bakin rubutu a Facebook da X, shi ne ina kuɗin da aka riga aka tara tun 2022 yake tafiya. Dokar ba ta ware shi don lafiya ba, cikin babban asusu yake faɗawa. In za a ƙara, a rubuta a doka cewa wani kaso zai koma sayen na'urar awon jini da ta suga da maganin hawan jini a ƙananan asibitocin mazaɓu, su Saji da Zurgu da Kahu da Fammar. Wannan tambaya ce da ta dace a ajiye a gaban mai wakiltar Rano, Bunkure da Kibiya a Majalisar Wakilai, ta fi a yi ta zagin juna a kan jam'iyya a ƙasan hotonsa.

Mu dawo majalisa, wajen 'yan ataya. Wannan al'adar Buzaye ce da 'yan'uwanmu na Nijar, yanzu ta zauna daram a wajen samari: ƙaramar buta, gawayi, ɗan kofin gilashi, zagaye uku. Ganyen koren shayi ne daga Chaina, irin wanda binciken Japan da Chaina ke yabo. Sai dai an tafasa shi har ya yi ɗaci, kuma ɗacin da suga ake kashe shi, ƙaramin kofi ya koma kamar zuma. Ga lokacin da ake shan sa, sha ɗaya ko sha biyun dare. Kofin baƙin shayi na yau da kullum na ɗauke da kafin kusan miligram 40 zuwa 50, wanda aka daɗe ana tafasawa ya fi haka. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce babban mutum mai lafiya zai iya kaiwa miligram 400 a wuni, mai ciki kuma kada ta wuce 200. Matsalar ita ce kafin na daɗewa a jiki, bayan awa biyar kusan rabinsa na nan. Ka sha sha biyu, ka riƙe waya har biyu, a tashe ka asuba. Ƙarancin barci shi kansa hanya ce ta hawan jini da ƙiba. Wasu kuma sai an fasa musu ledar Nescafé a ciki. Gadagi da 'yan acaɓa da masu aikin ƙarfi suka daɗe suna sha a Kano, sunan shayi kawai ya ara, haɗin saiwoyi ne da kowane mai dafawa ke da nasa sirrin. Wanda kuma ake jefa wa ƙwaya a kofi, wannan ya bar babin shayi ya shiga babin NDLEA.

'Yar'uwa, ke ma da naki kason, kuma ina ganin ya fi na maza muhimmanci. Shayi na da wani sinadari mai ɗan bauri, tannin, wanda ke kama sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye da hatsi ya hana jiki tsotse shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. In kina yawan jin jiri, ko kina da ciki an ba ki jan maganin ƙarin jini a awo, kada ki kora shi da shayi, kuma ki bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da kofi. Ɗabi'ar nan ta ɗura wa yaro ɗan wata takwas shayi da burodi a ce ya karya, ita ma a sake mata tunani.

Sai shayin rage tumbi na TikTok. Da yawansu abin da ke aiki a ciki filasko ne ko ɗan'uwansa, wato maganin wankin ciki. Kin sha, kin kwana kina zarya banɗaki, da safe sikeli ya nuna kin ragu, kin yi bidiyon godiya. Ruwa kika rasa da gishirin jiki, kitsen na nan inda kika bar shi. Rasa sinadarin potassium ta wannan hanya na iya rikita bugun zuciya, ita zuciyar da aka ce miki ana karewa. Ƙwayoyin da ake cewa an tace koren shayi ne a ciki su ma ba wasa ba ne, a 2018 hukumar abincin Turai ta yi gargaɗin cewa daga miligram 800 na sinadarinsu a rana ana ganin alamun taɓuwar hanta. Duk ledar da babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki, sai lambar waya da hoton kafin da bayan, kin san amsar.

Wani ɗan abu kuma da muke alfahari da shi: shan shayi yana tafasa, a hura sau ɗaya a kurɓa. A 2016 hukumar binciken cutar daji ta WHO ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi, kuma binciken da aka yi a lardin Golestan na Iran, inda ake shan shayi da zafinsa, ya ƙarfafa hakan. Juyin da mai shayi ke yi daga kofi zuwa kofi ashe ba ado ba ne kawai. Ka bar shi ya ƙara sau biyu.

Abin dariya, abin da ya fi nuna ƙarfi a gwajin saukar da jini a gonarmu yake. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba mutane kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta masu shan ta sauka da kusan maki 7. Zoɓon da ake lodawa daga Kano da Jigawa zuwa Meziko. Amma namu, kowa ya san yadda ake ƙulla shi da suga. Kuma ko shi, wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini bai ajiye maganin don zoɓo ko shayi ba. In ka ji Baba ko Inna sun ce sun daina shan ƙwayar tunda sun ji sauƙi kuma an kawo musu wani ganye, wannan ne lokacin da ya kamata ka ajiye wayar ka zauna ka yi musu magana cikin ladabi, ko ka nemo wanda suke jin maganarsa.

Ni ba zan ce ka daina shayi ba, ko na faɗa ba za ka ji ba, kuma babu dalili. Teburin mai shayi shi ne majalisar dokokinmu, a nan ake sayar da 'yan wasan Arsenal a naɗa kwamishinoni. Ganyen ma yana da ɗan amfaninsa in an bar shi ya yi aiki, ga Highland na Mambilla da ake nomawa a Taraba in kana son na gida. Cokalin ne abin ja. Gobe ka ce masa, Malam, biyu za a sa. Bayan sati biyu ka ce ɗaya. A ƙara citta da na'a-na'a, suna rufe gurbin zaƙin. Za a yi maka tsiya, za a ce ko an gano maka ciwon ne, ko kuwa talauci ne ya kai ka ruwan bunu. Harshe na sabawa cikin makonni kaɗan, har ranar da za ka kurɓi na abokinka ka ji ya gundure ka.

Sannan ranar kasuwa in ka shiga gari, ka tsaya a asibiti ko wani kemis mai na'ura a auna ka, ba ya cin minti biyar. In da hali ka ja Baba ku tafi tare. Tela ma zai iya taimaka maka da tef ɗinsa: ƙugun namiji daga santimita 94, na mace daga 80, alama ce kitsen ciki ya fara taruwa. Lambobi biyun da za a faɗa maka na jini, rubuta su a waya da kwanan wata. In ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, ka koma bayan 'yan kwanaki a sake, da safe kafin ka sha komai. In ta maimaita, ka yanki kati ka ga likita.